Rahoton Yaƙi: Tsagwaron Labari ko Rubutu Mai Salon Adabi?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. A zangon karatun nan an ba mu aiki a kan rahoton yaƙi, kuma tun makon jiya nake fama da wata tambaya da na kasa warware ta ni kaɗai. Malaminmu ya raba mana rubutu iri biyu a kan bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945. Kashi na farko rahotannin kwanakin farko ne, waɗanda suka faɗi ƙarfin bam ɗin, da faɗin yankin da ya shafe, da abin da Shugaba Truman ya ce. Kashi na biyu dogon rubutun John Hersey ne, wanda mujallar New Yorker ta ba shi ɗaukacin fitowarta ta 31 ga Agustan 1946, inda ya bi mutum shida da suka tsira, tun daga abin da kowannensu yake yi da ƙarfe takwas da kwata na safiyar ranar, lokacin da bam ɗin ya fashe, har zuwa watannin da suka biyo baya.

Na karanta kashi na farko ban ji komai a jikina ba, na biyun kuwa ya hana ni barci. Da na faɗi haka a aji, sai wani abokin karatuna ya ce abin da ya hana ni barci ba aikin jarida ba ne, adabi ne aka sa wa rigar jarida. Ina roƙon waɗanda suka yi aikin da hannunsu su haska mini: wanne ne ya fi kusa da gaskiyar yaƙi?

Baban Hafsat:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru masu yawa a ɗakin labarai na rediyo kafin in ajiye aiki, saboda haka kada ka yi mamaki idan ka ji na karkata wajen abokin karatunka, ko da yake ba zan raka shi har ƙarshen maganarsa ba. Abin da muke kira tsagwaron labari, wato wanda yake buɗewa da wa ya yi me, a ina, yaushe, mutum nawa, kuma wa ya faɗa, ba don rashin iya rubutu aka ƙirƙiro shi ba. An kafa kamfanin dillancin labarai na AP a 1846, na Reuters kuma a 1851, a zamanin da wayar tangarahu ta fara ɗaukar labari ana biyan kuɗi a kan kowace kalma, kuma labari guda za a sayar wa jaridu masu ra'ayoyi daban-daban, don haka tilas a tace shi har ya zama ba abin da ya rage sai wanda kowa zai iya tsayawa a kansa. A lokacin yaƙi wannan tacewar tana ceton rai. Magidancin da yake shawarar ko ya kwashe iyalinsa daga gari kafin asuba ba ya bukatar a siffanta masa launin hayaƙi. Yana so ya san wace hanya ce a buɗe, su waye suka kama wane ƙauye, kuma daga bakin wa maganar ta fito, domin ya auna ta da kansa.

Sannan ka sake duba Hiroshimar nan taka. Kusan shekara guda kafin Hersey, wani ɗan Ostareliya mai suna Wilfred Burchett ya hau jirgin ƙasa daga Tokyo, ya isa garin a farkon Satumban 1945, jaridar Daily Express ta Landan kuma ta buga rahotonsa ranar 5 ga watan. A ciki ya bayyana cewa mutanen da ko ƙwarzane ba su samu ba a ranar harin suna ta mutuwa da wata cuta da likitoci ba su san kanta ba. Hukumomin sojan Amurka sun ƙaryata shi, daga baya ta tabbata shi ne mai gaskiya. Wannan rahoton jarida ne na yau da kullum, an rubuta shi cikin gaggawa a kan ɓaraguzai, kuma shi ya fara fasa ƙwai.

Haka yake a Biyetnam. Kisan kiyashin da sojojin Amurka suka yi a ƙauyen My Lai ranar 16 ga Maris 1968, inda aka hallaka fararen hula ɗaruruwa, mata da yara da tsofaffi, ba marubucin adabi ne ya tono shi ba. Seymour Hersh ne ya bi diddigi, ya nemo Laftanar William Calley, hafsan da aka tuhuma da kisan, ya yi ta zagaya Amurka yana neman sojojin da suka halarta, ya fitar da labarin a Nuwamban 1969 da harshe busasshe irin na kotu. Da ya yi masa ado, da ya ba masu musu ƙofar da za su shiga.

Malama Ummu Yasir:

Baba, Allah ya ƙara girma. Misalin My Lai da ka kawo ina ganin nawa ne, ba naka ba. Kafin Hersh ya rubuta komai, ai an riga an ba da labarin wannan rana a tsagwaron labari tun a Maris 1968, kuma abin da ya ce shi ne sojojin Amurka sun kashe mayaƙan abokan gaba 128 a wani gumurzu. Labarin ya cika duk sharuɗɗan da ka lissafa: akwai wuri, akwai rana, akwai adadi, akwai wanda ya faɗa. Abu ɗaya ne kawai babu a cikinsa, shi ne gaskiya. Nan ne raunin wannan tsari yake, domin kalmar "in ji kakakin rundunar" tana wanke hannun ɗan jarida ba tare da ta wanke labarin ba. A Saigon, babban birnin Kudancin Biyetnam a lokacin, kowace rana da ƙarfe biyar na yamma ana tara wakilai a karanta musu adadin waɗanda aka kashe, har su kansu wakilan suka mayar da zaman abin ba'a, amma washegari alƙaluman suna fitowa a jaridu tamkar an ƙirga gawarwakin ɗaya bayan ɗaya.

Ko a batun Hiroshima, wakilin New York Times kan harkokin kimiyya, William Laurence, yana karɓar albashi daga ma'aikatar yaƙin Amurka a daidai lokacin da yake rubuta rahotannin da suka rage girman illar tururin nukiliya, kuma har lambar yabon aikin jarida ta Pulitzer ya samu a 1946. Ita wannan jarida ce dai a watan Mayun 2004 ta fito ta amsa cewa rahotanninta a kan makaman ƙare dangi na Iraƙi kafin mamayar 2003 ba su samu tantancewar da ta dace ba. Duk waɗannan da busasshen harshe aka rubuta su.

Ina so Ɗan Samaru ya koma ya dubi yadda Hersey ya yi aikinsa, domin mutane da yawa suna zaton salon adabi yana nufin zuba azanci da kalmomi masu ƙyalli. Harshensa ya fi na yawancin rahotannin zamanin sauƙi, kuma da wuya ka ji muryarsa a ciki. Abin da ya aro daga masu rubuta ƙagaggen labari shi ne tsari: ya zaɓi likitoci biyu, da limamin coci ɗan Japan, da wani fada Bajamushe, da matar wani tela da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, da wata matashiya ma'aikaciyar ofis a masana'antar gwangwani, sannan ya riƙa sauya ido daga wannan zuwa wancan, sa'a bayan sa'a. Ita matashiyar, kantocin littattafai ne suka rufto mata suka karya mata ƙafa. Duk wanda ya karanta wannan wuri ya san cewa bam ɗin bai faɗa a kan "yanki mai faɗin murabba'in mil kaza" ba, ya faɗa ne a kan wata yarinya da ta juya za ta yi wa abokiyar aikinta magana. Shi ya sa gidan rediyon ABC ya karanta rubutun gaba ɗaya cikin dare huɗu. Burchett ya faɗa wa duniya abin da ya faru, wannan ba na musunsa, amma sai da Hersey ya zo Amurkawa suka fara ganin waɗanda abin ya faru da su a matsayin mutane.

Baban Hafsat:

Malama, na karɓi gyaranki a kan adadin 128, kuma ni kaina na sha karanta sanarwar da zuciyata ba ta kwanta da ita ba, na jingina ta ga mai ita na wuce, domin agogo ba ya jira. Amma ki yi mini adalci, kin zaɓo wanda ya fi kowa tsabta a cikin jama'arki. Bari in kawo miki sauran 'yan gidan.

Michael Herr ya je Biyetnam a madadin mujallar Esquire a 1967, littafinsa Dispatches da ya fito a 1977 har yau ana koyar da shi a matsayin ƙololuwar rahoton yaƙi, alhali shi da bakinsa ya amsa daga baya cewa wasu daga cikin sojojin da ke ciki shi ya ƙirƙire su, kuma wasu maganganun shi ya sa musu a baki. Ryszard Kapuściński na ƙasar Folan, wanda ya yi wa kamfanin dillancin labaran ƙasarsa aiki a Afirka, har ma yana Najeriya a 1966, kuma ya zauna a Luwanda ta ƙasar Angola a 1975 lokacin da Turawan Fotugal suke tattara komatsansu, alƙalaminsa ba shi da na biyu. Sai dai masanan da suka san Habasha sun nuna cewa fadawan Sarki Haile Selassie da ya ce ya zanta da su suna magana da wasu laƙabobi da salon da ba su dace da harshen Amhara ba, kuma tarihin rayuwar Kapuściński da Artur Domosławski ya wallafa a 2010 ya nuna wurare da dama da ya ƙara gishiri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a kan Afirka ya fi samun wannan damar, domin ya san mai karatu a Warso ba zai taso ya zo ya bincika ba.

Na baya-bayan nan shi ne Claas Relotius na mujallar Der Spiegel ta Jamus, wanda asirinsa ya tonu a Disamban 2018 bayan abokin aikinsa Juan Moreno ya yi ta bin sawunsa. Daga cikin abin da ya ƙaga har da labarin wasu marayu 'yan Siriya da ke gudun hijira a Turkiyya, labarin da ya sa masu karatu zubar da hawaye har suka aika da kuɗi. Mujallar tana da babban sashe na masu tantance bayanai, amma ya wuce su shekara da shekaru, saboda za ka iya tantance sunan gari da kwanan wata, amma ba za ka iya tantance waƙar da aka ce wata yarinya ta rera a cikin duhu ba. Ƙaryar kakakin soja tana da mai ita, gobe za a iya tsare shi a tambaye shi. Ita kuwa ƙaryar da aka saƙa a cikin kyakkyawan labari ba ta da adireshi.

Wakilin Yerwa:

Ina gaishe da Baba da Malama. Na jima ina karantawa ban sa baki ba, domin ku kuna maganar manyan marubuta, ni kuwa ƙaramin mai aika rahoto ne daga Maiduguri, amma abin da kuke muhawara a kansa shi ne abincina na kullum.

Zan fara da alƙaluma, tunda Baba yana ganin su ne ƙasa mai tauri. A Janairun 2015, da Boko Haram ta afka wa Baga, rundunar soja ta ce waɗanda suka mutu ba su wuce kimanin 150 ba, wasu majiyoyin kuma suka ce adadin zai iya kaiwa 2,000. Babu ɗan jaridar da ya iya shiga garin a lokacin, sai hotunan tauraron ɗan'adam ne suka nuna dubban gine-ginen da aka ƙona. A ƙarshen Nuwamban 2020, bayan kisan manoman shinkafa na Zabarmari, an yi jana'izar mutum 43, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce 110, sannan ya dawo ya janye adadin. A Afrilun 2014 ma, kwana kaɗan bayan sace ɗalibai 276 a Cibok, an fitar da sanarwar cewa an kuɓutar da mafi yawansu, daga baya aka janye ta. Mu da ke nan mun san cewa sau da yawa adadin shi ne abu mafi rauni a cikin rahoton, amma shi edita yake fara tambaya, kuma shi ake ɗorawa a kanun labarai.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Wata shekara na je wani sansanin 'yan gudun hijira, na haɗu da wani dattijo tela wanda ya kwance kan kekensa na ɗinki daga jikin teburin, ya naɗe shi da bargo, ya ɗauko shi a ka tsawon tafiyar kwanaki a ƙafa, ya bar komai nasa a baya. Na same shi ya ɗora shi a kan bulo biyu yana juya shi da hannu, yana yi wa yara facin riguna, in an ba shi naira ashirin ya karɓa, in ba a ba shi ba ya yi shiru. Na sa shi a rahotona, aka ce daƙiƙa arba'in kawai ake da ita, aka yanke shi aka bar adadin mutanen sansanin da muryar jami'in agaji. Yau ba na tuna adadin, amma ina tuna bargon, ja ne mai ratsin baƙi. A nan ina tare da Malama ɗari bisa ɗari.

Sai dai akwai abin da ya sa ba zan iya barin gefen Baba ba. Na taɓa yi wa wani marubuci baƙo jagora na kwana uku. Matar da muka zanta da ita Barbarci kawai take ji, wani saurayi yana mayar mini da maganarta Hausa, ni kuma ina mayar wa baƙon da Turanci. Magana ta bi ta baki uku kafin ta kai littafinsa, kuma matar ba mai yawan magana ba ce, yawancin amsoshinta "haka ne" da "Allah ya sani" ne. Bayan watanni na ga rubutun, sai na tarar da ita tana jero dogayen jimloli masu azanci, har an rubuta abin da take tunani a daren da suka gudu, alhali ba wanda ya tambaye ta wannan a gabana. An kuma haɗa mata wani abu da wata mata daban ta faɗa mana washegari. Rubutun ya yi kyau matuƙa, na tabbata ya taɓa zukata, amma matar da ke cikinsa ba wadda na zauna a tabarmarta ba ce.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum jama'a. Ni ba ɗan jarida ba ne, mai saurare ne kawai, kuma a nan Nijar yawancinmu ta rediyo muka bi labarin hare-haren Bosso da Difa tun daga Fabrairun 2015. Abin da na lura da shi a majalisarmu shi ne, in an faɗi adadi sai a yi salati a ci gaba da shan shayi, amma ranar da aka sa muryar wanda abin ya shafa yana magana da bakinsa, ko da minti ɗaya ne, sai wurin ya yi tsit. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma rediyo yana da wannan gatan da takarda ba ta da shi, domin ba wanda zai sa wa mutum kalmar da bai faɗa ba alhali ana jin muryarsa.

Wani abu kuma, mu Hausawa ba baƙin labarin yaƙi mai ado ba ne. Makaɗan yaƙi da masu kirari sun daɗe suna cewa wane shi kaɗai ya kori dubu, kuma ba wanda ya taɓa kiran su maƙaryata, domin da jin kiɗan ka san irin maganar da za ta biyo baya. Ina ganin laifin baƙon Wakilin Yerwa shi ne ya yi kirari amma bai buga ganga ba, sai mai karatu ya ɗauka labaran duniya ake karanta masa.

Malama Ummu Yasir:

Malam na Damagaram ya faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Kuma labarin Wakilin Yerwa ya tuna mini da Svetlana Alexievich ta ƙasar Belarus, wadda ta samu lambar Nobel ta adabi a 2015. Ita hanyarta ita ce ta naɗi muryoyin ɗaruruwan mutane ta jera su, ta janye kanta gefe. Ta yi haka da matan Tarayyar Sobiyet da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma yi da sojoji da iyayen sojojin da aka tura Afganistan tsakanin 1979 da 1989, yaƙin da ya ci sojojin Sobiyet kusan dubu 15, ana dawo da gawarwakinsu cikin akwatunan tutiya a rufe, jaridun gwamnati kuwa suna nuna sojoji suna dasa itatuwa da gina makarantu. A wannan hali, muryoyin iyaye matan nan su ne rahoton gaskiya, tsagwaron labarin kuma shi ne tatsuniya.

Amma ba zan ɓoye ɗaya rabin ba, tunda Baba ya zarge ni da zaɓen masu tsabta. A farkon shekarun 1990 wasu daga cikin waɗanda ta zanta da su sun kai ta kotu a Minsk suna cewa ta sauya musu magana, kuma masu bincike sun lura cewa wasu shaidun suna canzawa daga wannan bugu zuwa wancan. Akwai masu ganin matsin lambar hukuma ce ta sa aka kai ƙarar, kuma ban raba ɗaya biyu cewa da hannun siyasa a ciki, amma tambayar da shari'ar ta taso da ita tana nan daram: idan uwa ta ba ka labarin ɗanta cikin kuka, ka gyara shi ya zama adabi, na waye labarin, naka ko nata?

A wurinmu ma tambayar ta fi haka nauyi. Ƙarfin wannan salo yana cikin ƙananan bayanai, irin su jan bargo da bulo biyu, kuma waɗannan bayanan su ne za su iya nuna wa mai neman mutum inda yake. Hersey ya rubuta sunayen mutanensa shida ne bayan yaƙi ya ƙare. Wanda yake rubuta labarin matar da ta tsere daga daji alhali waɗanda ta tsere musu suna da 'yan leƙen asiri a kasuwa, dole ya ɓoye wani abu, kuma da zarar ya fara sauya suna da gari, ya kama hanyar da baƙon can ya bi har ya ɓata. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne a ɓoye, amma a gaya wa mai karatu cewa an ɓoye, kuma kada a cike gurbin da abin da ba a ji ba.

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai, iyayena. Baba, in na fahimta daidai, kenan ba salon ne matsalar ba? To a aikace, idan edita ya karɓi rubutu mai kyau irin wannan, ta yaya zai gane inda aka ƙara gishiri?

Baban Hafsat:

Ɗana, salon yana da nasa laifin, domin yana jawo marubuci zuwa ga labarin da ya dunƙule da kyau, yaƙi kuwa ba ya dunƙulewa. Amma ga abin da nake yi a zamanina. Ina ɗaukar jan biro in bi rubutun jimla bayan jimla, a gefen kowace in tambayi wakilin: ta yaya ka sani? Amsa uku kawai nake karɓa, ko ya gani da idonsa, ko wani takamaiman mutum ya faɗa masa kuma yana cikin littafinsa ko kaset ɗinsa, ko yana cikin wata takarda da zai iya nuna mini. Idan ya rubuta cewa gaban wata ya faɗi da ta ji ƙarar babura, sai in ce ya nuna mini inda ta faɗi haka. Idan ya ce ai kowa gabansa zai faɗi, sai jimlar ta fita, ko da ita ce mafi kyau a shafin.

Kuma don Malama ta san ban ƙi mutuminta ba, shi Hersey ɗin ne ya fi kowa tsanani a wannan batu. A 1944 ya taɓa haɗa labaran sojoji da dama ya mayar da su mutum guda a mujallar Life, amma a wata maƙala da ya rubuta a 1980 ya yi tir da irin wannan, ya ce sharaɗin lasisin ɗan jarida shi ne kada ya ƙaga komai, har ya caccaki manyan marubutan zamanin da suka yi sakaci da wannan iyaka. A 1985 kuma ya sake komawa Hiroshima ya nemi labarin abin da ya sami mutanen nan shida cikin shekara arba'in.

Wannan komawar ce nake ganin ba mu da ita, kuma ba ƙarancin masu iya rubutu ne ya hana mu ba. Tun 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana kawo wa Hausawa labarin Yaƙin Duniya na Biyu da Hausar da har yau ake sha'awa, ko da yake jarida ce ta gwamnatin mulkin mallaka mai goyon bayan ɓangare guda. Alƙalami muna da shi. Abin da babu shi ne gidan jaridar da zai ɗauki nauyin wakili na wata biyu a kan labari ɗaya, ya biya masa kuɗin mota da tafinta na ƙwarai, sannan ya ba shi fili fiye da daƙiƙa arba'in.

Wakilin Yerwa:

Baba, jan bironka ya tuna mini cewa littafin da na rubuta hirar telan yana nan a cikin kwali, kuma na duba shi yanzu bayan sallar isha'i. Shafi huɗu ne, akwai sunan garinsu, da kwanakin da ya yi a hanya, da abin da ya ce game da keken, wanda ya gada daga mai gidan da ya koya masa ɗinki. Abin da ban tambaye shi ba ya fi abin da na tambaya yawa, ko 'ya'yansa nawa ne suka iso tare da shi ban rubuta ba, saboda a ranar ina sauri ne in kama jami'in agaji kafin ya shiga mota.

Lambar wayar da ya ba ni ta wani maƙwabcinsa ce, na kira sau biyu ba ta shiga. Tun daga 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin cikin Maiduguri tana mayar da mutane garuruwansu ko wasu matsugunan, saboda haka sai na fara neman bulaman unguwarsu tukuna. Ɗan Samaru, idan kana da rubutun Hersey ɗin a waya, ka turo mini ta akwatin sirri, ina so in ga irin tambayoyin da suka kai shi ga sanin abin da kowannensu yake yi da ƙarfe takwas da kwata.